Koyon anatomi ta intanet ko a zauren fiɗa: amsa ga wata ɗalibar likita

"Assalamu alaikum, Baba Likita. Ni ɗaliba ce mai karatun likita a wata jami'a a Sudan. Muna shekarar share fage yaƙi ya ɓarke, aka kwaso mu muka dawo gida. Daga baya makarantar ta ce mu ci gaba ta intanet, kuma a haka muke yin anatomi, wato ilimin sassan jikin mutum: lacca ta Zoom, bidiyoyi, da wata manhaja mai nuna jikin mutum ana jujjuya shi. Ina cin jarrabawa da maki mai kyau, amma har yau ban taɓa shiga inda ake fiɗar gawa ba. Ƙawata da ke karatu a nan gida ta ce abin da nake yi ba anatomi ba ne. Mahaifina kuma ya ce zamani ya canza, ko a Turai an daina yanka gawa. Wa ke da gaskiya a cikinsu? In ci gaba a haka, ko in nemi sauyin makaranta ko da za a mayar da ni baya?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina ta Sudan, ya sa wahalar da kuka sha a hanyar dawowa ta zama kaffara. Tun da yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 nake samun irin tambayar nan daga ɗalibai da iyayensu, saboda haka ki yi haƙuri, zan ɗan tsawaita.

In na fahimce ki, damuwarki ita ce ko makin da kike ci shaida ce ta cewa kin san jikin mutum, sanin da zai ishe ki ranar da aka kwantar da mara lafiya a gabanki, da kuma ko takardar da za ki fito da ita za ta ba ki damar yin aiki a gida. Ƙawarki ta ɗan yi tsauri, mahaifinki kuma rabin labarin ya ji. Na daɗe ina koyar da wannan darasi ga 'yan aji biyu da aji uku, kuma inda na tsaya shi ne: akwai kaso mai yawa na anatomi da allon kwamfuta ke koyarwa daidai da aji, wani wurin ma fiye da aji. Akwai kuma kason da ba ya zama a kai sai mutum ya tsaya a gaban jiki da idonsa biyu da hannunsa, kuma wannan kason ne ke hana likita yin ɓarna. Wanda bai same shi ba, karatunsa da saura, ko nawa makinsa ya kai.

Inda allo ya yi rawar gani

Anatomi ba darasi ɗaya ba ne. A cikinsa akwai histoloji, wato kallon nama a ƙarƙashin madubin likita. Akwai embiriyoloji, yadda ɗan tayi ke ginuwa a mahaifa. Akwai karatun hotunan asibiti. Sannan ga uwa uba, sassan da ido ke gani: ƙashi, tsoka, jijiyoyi da kayan ciki.

A histoloji ba ni da ja da intanet. Gilasan gwajin da ke yawancin ɗakunan bincikenmu sun tsufa, launinsu ya koɗe, wasu sun tsage, ga ɗalibai a layi suna jiran madubi guda. Idan ɗalibi ya leƙa ya ce ya gani, malami ba shi da tabbacin abin da ya gani ɗin. Gilashin da aka ɗauki hotonsa aka sa a kwamfuta kuwa, ni da ɗalibi wuri ɗaya muke kallo, in ƙara girmansa, in nuna masa da kibiya. Haka embiriyoloji. Yadda zuciya ke farawa a matsayin bututu miƙaƙƙe sannan ta lanƙwashe a mako na huɗu, ko yadda hanji ke juyawa digiri 270 kafin ya zauna a mazauninsa, na sha kwatanta su da tiyo da alli, ina gumi, rabin aji na kallona kawai. Bidiyon minti biyu yana yin abin da ban iya yi a awa guda ba. Hotunan CT da MRI kuma dama can a allo ake karanta su, ko a asibiti. Tun 1994, lokacin da Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya fitar da hotunan gawar wani mutum da aka daskarar aka yanka falle-falle, kowane falle kaurin milimita ɗaya, fiye da falle 1,800, ɗalibi ke iya bin jiki daga ka har tafin ƙafa yana zaune a ɗakinsa. Ga kuma ribar laccar da aka naɗa: mai jin kunyar ɗaga hannu a aji sai ta mayar da ita baya ta sake saurare har ta gane. Duk wannan kin samu, kuma kada wani ya raina miki shi.

Abin da allo ba ya bayarwa

Na farko shi ne zurfi: me ke gaban me, me ke bayan me, kuma tazarar nawa. A 2013 wasu malamai a Jami'ar McMaster ta Kanada sun raba ɗalibai rukuni uku, suka ba su ɗan lokaci su koyi sassan ƙugu. Wasu da hotuna a kwamfuta, wasu da siffa mai jujjuyawa a allo irin ta manhajarki, wasu kuma da siffar roba a kan tebur. Sai aka gwada kowa a kan ƙugun gawa. Masu robar suka wuce sauran nesa ba kusa ba, masu siffar allo kuwa ba su fi masu hotuna da komai ba. Bayan 'yan shekaru aka sake gwajin don a gano dalili, sai aka ga da zarar an rufe wa masu robar ido ɗaya, fifikon nasu ya zube. Ashe ido biyu ne ke auna zurfi, shi kuwa allo shafaffe ne, ko yaya aka jujjuya hoton da ke cikinsa.

Na ga wannan da idona bayan annobar korona. An rufe makarantu a Maris ɗin 2020, yajin aikin malaman jami'a ya haɗu da shi har zuwa Disamba, ɗalibanmu suka yi watanni suna karatu da WhatsApp da YouTube. Da suka dawo, sunaye na bakinsu tsaf. Ka tambayi ɗalibi rassan tarin jijiyoyin da ke fitowa daga wuya su bi ta hammata, sai ya zayyano maka su babu tuntuɓe. Amma a jarrabawar nan da muke yi, wadda ake jera sassan jiki a kan tebura, a soka fil a wani wuri, ƙararrawa ta buga ka matsa gaba, abin ya ba ni tausayi. Da zarar an kifar da hannun, ko an ajiye shi ba yadda suka saba ganinsa a hoto ba, sai yaro ya tsaya cak har ƙararrawa ta buga. Ba rashin ƙoƙari ba ne. Hoto ya haddace, kuma hoton fuska ɗaya gare shi.

Sai maganar launi. A manhaja jijiyar da ke kai jini ja ce, mai dawo da shi shuɗiya, jijiyar saƙo rawaya, kowacce a ware fes. A jikin mutum babu wanda ya yi musu fenti. Duk suna kwance cikin kitse da tantani, sai an tona, kuma a gawar da aka adana da fomalin, sinadarin hana ruɓewa, launinsu kusan ɗaya ne, ruwan ƙasa-ƙasa. Yadda muke koya wa ɗalibi ya bambanta su shi ne ya kama da yatsa biyu ya matsa. Mai kai jini bangonta da kauri, in ya saki sai ta koma zagayayyiya. Mai dawo da jini laɓa-laɓa ce, ta lanƙwashe ta zauna a haka, sau da yawa da baƙin jini daskararre a ciki. Jijiyar saƙo kuwa ba ta da rami sam, igiya ce, in ya murza zai ji zare-zare a tsawonta. Zan iya rubuta miki wannan, ga shi ma na rubuta, amma sai ranar da yatsunki suka ji za ki san shi.

Sannan manhaja jiki ɗaya gare ta, alhali mutane ba a zubi ɗaya aka yi su ba. Gwada wannan yanzu: haɗa babban yatsanki da ƙaramin, ki ɗan lanƙwasa wuyan hannun ciki. A mafi yawan mutane wata siririyar igiya za ta taso a tsakiyar wuyan hannu. A wasu babu ita ko kaɗan, wani ma yana da ita a hannu ɗaya, ɗayan babu. Ki gwada 'yan gidanku ki gani. Wannan ba ta da haɗari, amma haka abin yake a ciki. Afendis ya fi yawan ɓuya a bayan farkon babban hanji, a wani kuma ya rataya can cikin ƙugu. Jijiyar jinin da ke zuwa matsarmama takan ɓullo ta inda ba a zata ba. Ɗalibin da ya zagaya tebura a zauren fiɗa ya ga gawa biyar, babu biyu da suka yi daidai, ya koyi shakkar littafi, kuma wannan shakkar ce ke sa likita ya duba kafin ya yanka. Malamai na da sun riga mu sanin haka. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin rubutun Jalinusu, wani likita Bagirke na zamanin Rumawa, wanda birai da aladu ya feɗe, har da cewarsa muƙamuƙin mutum ƙashi biyu ne. Sai wajen shekarar 1200, lokacin wata muguwar yunwa a Masar, wani likita mai suna Abdullaɗif al-Bagadadi ya samu tarin ƙasusuwan mutane a kusa da Alƙahira, ya duba muƙamuƙi bayan muƙamuƙi, ya ce ƙashi ɗaya ne. Gani ya kori ji. Ita ma manhaja, komai kyanta, zanen wani ne da ya gani ya ba ki labari.

Bari in kawo miki abin da ya fi tsaya mini a rai. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara yana wucewa ta ƙarƙashin jijiyar da ke kai wa mahaifa jini, kamar santimita biyu daga gefen bakin mahaifa. Kowane ɗalibi ya san wannan jimlar. Amma a zaure nakan ba ɗaliba almakashi in ce ta nemo mini shi. Za ta yi ta laluben tantani, ta kama jijiyar jini ta ce ga shi, in ce a'a, bi ta ki ga inda ta nufa. Sai can ta gano shi manne a bangon ƙugu, ta biyo shi a hankali har inda ya nutse ƙarƙashin waccan jijiyar, ta ga kusancinsu bai wuce faɗin yatsa ba. A nan ake yin shiru. Wannan ɗalibar, shekara biyar ko shida nan gaba, ita ce za a tura babban asibitin wata ƙaramar hukuma, a kawo mata mace cikin dare mahaifa ta fashe bayan doguwar naƙuda, jini ya cika ciki, babu wani babban likita da za ta kira. In ta ɗaure jijiyar ta haɗa da bututun, matar za ta iya tashi da yoyon fitsari ko ta rasa ƙoda. A ƙasashen da mahaifinki yake magana, sabon likita ba ya yin irin wannan tiyatar shi kaɗai sai bayan shekaru na horo a ƙarƙashin ƙwararru, inda ake sake koya masa anatomi tun daga tushe. Mu a nan, daga shekarar sanin makamar aiki sai bautar ƙasa, sai wuƙa a hannu. Abin da aka koya a aji biyu da aji uku shi ne jarin.

Shi ma zauren fiɗa yana da nasa aibu

Kada ki ɗauka duk wanda ya shiga zaure ya samu wannan. A makarantu da yawa gawa kaɗan ce, ɗalibai kuma tuli. Mutum ɗaya na yanka, ɗaya na karanta littafin jagora, uku ko huɗu na gani, sauran na tsaye a baya suna kallon ƙeyar 'yan'uwansu. Wanda ya shekara biyu a sahun baya bai fi ki da komai ba, sai warin fomalin. Shi kansa fomalin yana sa hawaye da tari, kuma tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar, ga zaurukanmu da yawa ba su da isasshiyar iska. Yana kuma sandarar da nama, hanta ta yi tauri, hanji ya daina santsi, ba kamar na mai rai ba. Yawancin gawarwakin da muke samu na maza ne, har akan yi ajin da bai samu ƙugun mace isasshe ba. Sannan akwai abin da ke damun duk mai imani a cikinmu: a Najeriya kusan duk gawar da ake koyarwa da ita ta wanda ba a zo nema ba ce, ba wanda ya yi wasiyya da jikinsa ba, dokar da ke kula da lamarin kuma tun ta 1933 ce. Ƙungiyar malaman anatomi ta duniya ta ba da shawara tun 2012 cewa a koma amfani da jikin waɗanda suka bayar da yardarsu kaɗai, mu kuwa ba mu kai nan ba.

Bincike ma bai ba masu fiɗa duk gaskiya ba. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, bai ga bambanci a makin jarrabawa ba tsakanin waɗanda suka yi fiɗa da hannunsu da waɗanda aka koyar ta wasu hanyoyi. Sai dai ki lura da abin da aka auna: maki, jim kaɗan bayan darasi. Irin waɗannan gwaje-gwaje ba sa bin ɗalibi har ɗakin tiyata su ga abin da hannunsa ya yi bayan shekara goma. Don haka maganata game da ranar tiyata daga abin da na gani a aiki take, ba daga alƙaluma ba, kuma ki ɗauke ta a haka.

To, ina gaskiyar mahaifinki? Gaskiya ne wasu makarantu sun rage fiɗa ko sun bar ta. Makarantar likitanci ta Peninsula a Ingila, da aka buɗe a 2002, ta koyar da anatomi ba tare da gawa ba. Amma ɗalibanta ba a gida suke zaune ba. Suna zuwa aji cikin ƙananan rukuni, suna lalubar ƙashi da tsoka a jikin mutane masu rai, suna zana sassan ciki a kan fata, suna duba hotunan asibiti tare da likitoci. Wasu makarantun kuma malamai ne ke yin fiɗar su ajiye, ɗalibi ya zo ya ɗaga ya duba, ko a yi amfani da sassan da aka cire musu ruwa da kitse aka cika da roba, dabarar da Gunther von Hagens ya ƙirƙiro a Jamus a 1977, waɗanda ba sa wari ba sa ruɓewa. Abin da aka bari shi ne dole sai kowane ɗalibi ya riƙe wuƙa. Halartar ɗalibi a gaban jiki da malami, ba a bar wannan ba. Ki isar wa Baba da wannan cikin ladabi, domin manufarsa alheri ce, yana gudun kada wahalarki da kuɗinsa su tafi a banza.

Wataƙila kuma a ranki akwai ɗar-ɗar game da gawar kanta, ko ba ki faɗa ba. Da yawa daga ɗalibaina sun zo da hadisin nan da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 1987, ta halatta fiɗar gawa don koyar da likitanci, da sharuɗɗa, ciki har da tsayawa iya buƙata da binne dukkan sassan bayan an gama. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ki zauna da malaminki a kan tafsilin. Abin da ke wuyana shi ne ladabin zaure: a rufe inda ba a aiki a kai, ba a ɗaukar hoto, ba a wasa. Ranar farko wasu kan yi kuka, wasu su fita su dawo. Yawancinsu wannan ne karo na farko da suka taɓa mamaci, kuma gara ya same su a nan, tare da malami da abokai, da ya same su a ɗakin gaggawa dangin mamaci na tsaye a kansu.

Maganar lasisi

Wannan ce ta fi gaggawa, kuma ba ta jiran ra'ayina ko na ƙawarki. Duk wanda ya yi karatun likita a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kafin ya taɓa mara lafiya. A watan Yunin 2022, bayan yaƙin Yukiren ya mayar da makarantun can intanet, hukumar ta fito ta ce ba za ta karɓi takardun da suka bayar daga wannan shekarar ba har sai karatu ya koma yadda aka saba, ta kuma ce karatun likita ta intanet, a ko'ina aka yi shi a duniya, bai kai mizaninta ba. Ta shawarci ɗaliban su nemi sauyi zuwa makarantun da aka amince da su. Ƙa'idoji kan sauya, kuma ni ba bakin hukumar ba ne, saboda haka ki rubuta musu da kanki, ki faɗi sunan makarantarki da shekarun da kika yi ta intanet, ki nemi amsa a rubuce. Kada ki dogara da maganar dillalin da ya samo miki gurbi, ko ta rukunin WhatsApp na ɗalibai.

Ita ma makarantar ki tambaye ta a rubuce: yaushe, kuma a wane gari, za a yi darussan zaure da na asibiti ido da ido, mako nawa, wa zai sa hannu a littafin halarta? Wasu jami'o'in Sudan sun yi ƙoƙari ƙwarai, sun kwashi ɗalibansu zuwa garuruwan da ke da kwanciyar hankali, wasu har Ruwanda da Tanzaniya, don a yi aikin hannu. In taku tana da irin wannan shiri tsayayye, da rana da wuri, ci gaba da ita na da ma'ana.

Kafin nan, me za ki yi?

Da babu gara ba daɗi, kuma akwai abubuwa da yawa da za ki iya a gida. Jiki na farko da ke hannunki naki ne, sai na ƙannenki mata. Sa yatsa a ƙashin ƙirji daga sama ki gangaro, za ki ji wani ɗan tudu a kwance. Daidai gefensa haƙarƙari na biyu yake, daga nan ake ƙirga sauran. Ki lalubo gefen ƙasa na haƙarƙari ki tuna cewa jijiyoyi a nan suke laɓe, shi ya sa in za a zuƙe ruwa a ƙirji ta saman ƙashin ake shiga. Sa ƙanwarki ta zauna ta sunkuya, ki ɗora hannuwa a saman ƙasusuwan ƙugunta biyu. Layin da ya haɗa su yana ratsa gadon baya wajen ƙashi na huɗu na tsatso, ita kuwa laka a babba tana ƙarewa wajen na ɗaya zuwa na biyu, don haka a nan ƙasa ake soka allura a ɗebi ruwan baya in ana zargin sanƙarau. Nemo jijiyar jinin da ke wucewa ta gaban idon sawu na ciki, ita ce ake tonowa in jini ya zuba sauran jijiyoyi sun ɓace. Ki raba ɗuwawu gida huɗu a ranki ki san me ya sa sai a na sama ta waje ake allura. Yara da yawa a ƙasar nan suna jan ƙafa ba don shan inna ba, sai don allurar da ta sami babbar jijiyar ƙafa.

Ki sayi ƙwarangwal na roba, ko ku haɗa kuɗi da abokan karatu. Na roba nake cewa, kada wani ya kawo miki ƙashin mutum gida da sunan taimako, laifi ne babba, kuma wulaƙanta mamaci ne. Ki riƙa ɗaukar ƙashi ido a rufe ki faɗi na dama ne ko na hagu. In Sallar layya ta zo, ko kin aika mahauta, ki roƙi a bar miki zuciya da huhu da maƙogwaro a haɗe, da ƙoda guda. Zuciyar rago ɗaki huɗu ce kamar tamu. Zuba ruwa ta babbar jijiyar da ke fita daga cikinta ki ga yadda 'yan marafan nan uku ke cika su rufe, sannan ki tsaga ta ki kwatanta kaurin bangon hagu da na dama. Tsaga ƙodar a tsaye ki bi hanyar fitsari. Amma ki tsaya a nan, kada ki faɗa ramin da Jalinusu ya faɗa: cikin rago gida huɗu ne, mahaifar tunkiya kuma reshe biyu gare ta.

Ita manhajar ma ki canza yadda kike amfani da ita. Kashe sunaye, kashe launuka in tana bari, juya siffar ta inda ba ki saba ba, sannan ki gwada kanki. Nemi littattafai da bidiyoyin da ke nuna gawa ta gaske, ba zane ba. Rufe littafi ki zana da ka, domin abin da hannu ya kasa zanawa bai zauna ba tukuna. Kuma ki rubuta takarda ta hannun makarantarku zuwa ga shugaban sashen anatomi na jami'ar da ta fi kusa da ku, ki nemi izinin halartar zaure na wasu makonni. Ba kowa zai amince ba, domin akwai doka da ƙa'ida a kan masu shiga, amma ana dacewa. Sai dai ki sani wannan ilimi zai ƙara miki, ba zai zama madadin abin da hukuma ke nema a takarda ba.

Idan kuwa makarantar ta kasa ba ki rana da wurin da za a yi aikin hannu kafin ku shiga shekarun asibiti, shawarata ki fara neman sauyi tun yanzu, ko da za a mayar da ke aji biyu. Asarar shekara ɗaya ko biyu tana da ciwo, ga kuɗi, ga ganin sa'o'inki sun wuce, amma ba ta kai ciwon gama shekara shida da takardar da ba za a yi wa rajista ba. Gurbi a makarantun gida yana da wuya, saboda kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da MDCN ta ƙayyade mata, don haka ki nemi wuri fiye da ɗaya, har da ƙasashen da hukumar ta amince da makarantunsu. Kuma ko wace shawara kuka yanke ke da Baba, a cikin makon nan ki nemi takardar sakamakonki mai hatimi da jadawalin darussan da kika yi. Makarantar da yaƙi ya tarwatsa ofisoshinta takan ɗauki watanni kafin ta fitar da takarda guda, kuma duk inda kika je ita za a fara tambayarki.